Zaren Ya Ƙi Shiga

Ƙanƙara ta narke, kogin Lidar ya cika. Tsohuwa Zuna tana wanki, tana satar kallon wani dattijo mai raka baƙi kamun kifi. Hularsa cike take da ƙudajen ƙarya na gashin zakara, abin yaudarar kifi. Sau biyar yana lasar zare, ya ƙi shiga kafar ƙugiya. Baƙonsa yana duba agogo.

"Iska ce, ranka ya daɗe," in ji dattijon.

Ko ganye ba ya motsi. Idon dattijon ne ya tafi, in kuwa baƙon ya gane, aikin bana ya bi ruwa.

"Iskar nan ni ma ta ishe ni!" in ji Zuna. "Miƙo nan, ɗan'uwa, kafin ka cinye zaren."

Da lalube ta zura masa. Gobe dai ba ta da wanki, ba mai zura masa.