Illa Barmo, Tafintan Na'ura

Haihuwa da karatu

An haifi Illa a shekarar 1951 a garin Allakaye ta ƙasar Buza, ɗa ga Barmo manomin gero da mai ɗakinsa Gogo. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Buza da Tawa, sannan a 1972 ya wuce Yamai, inda ya koyi rubuta wa ordinater, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, lissafi.

Aure

A 1978 ya auri Saude ƴar Sabon Gida, aka yi biki a Madawa har makaɗa suka gaji. Gogo kuwa, duk zuwansa gida sai ta tsokane shi: “Illa, wai mi kaka nomawa cikin akwatin ga?”

Aikin Keita

A 1986, bayan fari, aka tura shi Keita wurin furoje, wato aikin gina madatsun ruwa. Lissafin ruwan da kowane kwari yake ɗauka an rubuta shi ne don tsohuwar na'urar Yamai. Sabuwar na'urar da aka kawo ta zo da tata kwamfila, wato manhajar da ke mayar da rubutun mutum harshen inji, kuma gajerun umarnin da ake ba ta kafin ta kama aiki sun sha bamban da na tsohuwar. Aka ɗora wa Illa fassara su.

Sakamakon farko ya ce kwarin Allakaye ba ya tara ruwan kirki, shugabanni suka shirya cire shi daga tsari. Hankalin Illa ya tashi matuƙa, domin a kwarin nan ambaliya ta taɓa tafiya da jakin babansa! Ya roƙi a dakata, ya bi umarnin ɗaya bayan ɗaya, har ya gano kuskuren nasa ne: tsohuwar kwamfila tana wanke allonta da kanta kafin lissafi, sabuwar kuwa sai an ce mata ta wanke, in ba haka ba ta haɗa da ragowar aikin baya. Ya ƙara umarnin, lissafi ya daidaita, ya yi ta dariya har da hawaye.

Aka gina madatsar kwarin Allakaye a 1987. Ranar da aka haƙo albasar farko da aka noma da ruwanta, Gogo ta rangaɗa guɗa ta ce: “Ashe albasa kaka nomawa, ɗan nan!”

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a Allakaye a 2016, yana da shekara sittin da biyar. Ya bar matarsa Saude da ƴaƴa huɗu: Surajo, Biba, Bala da Zara. An binne shi kusa da iyayensa, kuma ruwan da aka yi masa wanka daga rijiyar bakin madatsar aka ɗebo shi. Allah ya jiƙansa.