Zaren masaƙa a murjanin Inna

Jiya ina gyara wa Inna adakarta sai na ci karo da tsohon murjaninta. An yi wa igiyar ƙari da shuɗin zare, ƙulli har biyar.

Na ce, "Inna, wannan ƙulle-ƙullen fa?"

Ta yi murmushi ta ce, "Ai ku ne."

Marigayi Baba a masaƙa ya yi aiki a Bompai, wajen 1980. Inna ta ce duk sanda ta samu ciki sai gaban wuyanta ya tasa, murjanin ya shaƙe ta, kuma ko ta haihu ba ya saɓewa duka.

"Kunya ba ta taɓa barina na faɗa masa da bakina ba. Shi dai in ya ga murjani ya kama ni, washegari sai ya taho da guntun zare daga wurin aiki, ya zauna ya ƙara. Ba ya cewa komai."

Sai da na je awon cikina na fari likita ta yi min bayani: sinadaran jikin mace suna ƙara wa wani ɗan nama a gaban wuya aiki idan ciki ya shiga, shi ya sa maƙoƙo ya fi kama mata. Baba bai san wannan ba, wuyan matarsa kawai ya sani.

Na ce, "Amma Inna, mu huɗu ne."

Ta shafa ƙulli na biyu. "Wannan bai zo da rai ba. Babanku ya ce a bar masa wurinsa."

Allah ya jiƙan Baba. Ku fa, wace kulawa iyayenku maza suka yi cikin shiru, sai daga baya kuka gane?