Baiwa Ungozoma da Damin Geron Baƙo

Kullum safiya, kafin ta ɗora tukunya, Baiwa ungozomar Zakka takan zagaya bayan ɗakinta ta durƙusa. Wurin ba wani abin kallo ba ne, 'yar ƙasa ce da gwiwa ta daddaɓe ta har ta yi santsi. Nan ta binne mabiyiyar ɗanta Baƙo ranar da ta haife shi. Takan roƙi Ubangiji cikin sunan Yesu ya dawo mata da shi, sannan ta miƙe, ta ɗauki askarta da ƙwaryarta, ta bi gidajen masu jego.

Shekara goma sha huɗu ke nan tana wannan roƙo. An ɗebi Baƙo soja lokacin yaƙin Bama na Turawa, shi kaɗai ne ya rayu cikin 'ya'ya biyar da ta haifa. Waɗanda aka tafi da su tare sun dawo, wasu da lambar girma, wasu da ƙafa ɗaya. Shi ko takardar mutuwarsa ba ta zo ba.

Baiwa 'yar gidan Maguzawa ce, ita da marigayi mijinta suka bi 'yan mishan. Saboda haka da shiru ya yi yawa, ƙanen mijin nata Jinjiri, mai kula da tsafin gidansu, ya same ta tsakar gida.

"Matar yaya," in ji shi, "Allan nan naku kurma ne? Kawo baƙin bunsuru mu kai gindin kuka, ko a ji labarin yaron nan."

Ta ce, "Jinjiri, ni ma nakan tambaye shi haka, har da kuka. Amma wurinsa na kai ƙara, ba ni janye ta in kai wani wuri."

Ba ni ɓoye muku, ni da nake Musulmi, malamin makaranta a Safana, na daɗe ina ganin wahalar banza take yi. Abin da ya rufe mini baki dami ne. Duk kaka takan zaɓi geronta mafi kyau, ta ɗaure dami ɗaya, ta sa a rumbu, ta ce rabon Baƙo ne, kada ya dawo ya iske ba a tuna da shi ba. In wata kakar ta zagayo bai zo ba, sai ta sauke tsohon, ta sussuke, ta riƙa dama wa masu jego kunun kanwa da shi. Ba ta tambayar ko gidan masallaci ake zuwa, ko majami'a, ko gindin kuka. Matata Sauda ta sha wannan kunu sau uku. Surukar Jinjiri ma, da naƙuda ta kusa kashe ta a gona da rana tsaka, Baiwa ce ta karɓi haihuwar, kuma geron Baƙo ne ya kawo mata nono.

Inna Baiwa, ke ce kika yanke cibiyar rabin garin nan, alhali ɗakinki ba kowa. Ke ce kika yi ta ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya, ba a buɗe ba, ba ki kuwa koma zagin mai gida ba. Na taɓa tambayarki ko an amsa miki. Kika ce, "Malam, bai ce i ba, bai ce a'a ba. To, ina zan tafi ana tsakiyar magana?"

Bana idonta ya yi rauni. Ta miƙa wa Talatu, wadda ta koya wa aikin, askarta, gonar ma ba ta nomu ba. Abin da ya dame ta ɗaya ne, rumbu zai kwana ba rabon Baƙo. Matan da ta yi wa wankan jego suka ji. Kowace ta zo da zangarniya biyu, uku, aka tara a ƙofarta.

Mun gode, Inna. Wanda duk ya gaji da roƙo, Kirista ko Musulmi, ya je Zakka ya dubi bayan ɗakin nan, ya koma ya ci gaba.

Damin kuwa Jinjiri ne ya ɗaure shi, ya hau rumbu da tsufansa ya ajiye. Da ya sauko sai ya ce, "Matar yaya, gobe in kin durƙusa, ki ce da shi ni ma ina jira."