Ambulan a Ƙarƙashin Dutsen Guga

Yatsu biyu yake turawa, ya jawo aljihun waje kamar harshe, ya kakkaɓe shi a gaban mai kaya. Na dama, na hagu, na ƙirji, har da ƙaramin nan na cikin wando da ba kowa ke tunawa da shi ba. Sannan ya ɗago ya ce, "Ka gani ko? Babu komai." Shekara goma sha ɗaya ina kai masa kaya, bai taɓa ɗauke mini wannan binciken ba.

Mai Guga ake ce masa, har matarsa ma haka take kiransa idan ya ɓata mata rai. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a tsakanin mai aski da mai gyaran takalmi. Akwai dogon tebur da aka shimfiɗa wa bargo, dutsen guga biyu na gawayi, kwanon ruwa, da igiyar da riguna ke jere a kanta, kafaɗa da kafaɗa, kamar mutanen da ke jiran a kira sunansu. Yana saurayi aka taɓa zarginsa da ɗauke zobe daga aljihun wani. Bayan mako guda aka tsinci zoben a motar mai shi, amma babu wanda ya dawo ya ba shi haƙuri. Tun daga ranar bai sake yarda da abin da ke rufe ba. Buhun gawayi ya yi nauyi, an jiƙa shi ne. Mutum ya cika gaisuwa, akwai abin da yake nema. Sabon yadi kuwa sai ya jiƙa gefensa ya goga a farin ƙyalle, ya ga ko yana zuba. Mai aski yakan ce ko inuwarsa ce ta biyo shi, sai ya tambaye ta wa ya aiko ta.

'Ya'yansa biyar, huɗu sun kama sana'a. Auta ce ta yi nisa a karatu, ta ci jarrabawa, ta nemi gurbin karatun harhaɗa magunguna a jami'a. Ana cikin murna sai jami'ar ta aiko da fom na biyu, wai ƙari ne a kan na farko, kuma duk wanda bai mayar ba kafin ƙarfe sha biyun ranar Alhamis, an cire sunansa.

Mai Guga bai ji daɗin fom ɗin ba tun daga shafin farko. Me ya sa za a sake tambayar abin da aka riga aka tambaya? Me ya haɗa magani da sana'ar uba? Auta ta ce kowa aka tambaya. Ya ce ai rariya ma kowane gari take karɓa, amma ba duka ke wucewa ba. Duk da haka ya zauna, ta karanta masa layi-layi, ya sa hannu a inda aka ce.

Shafin ƙarshe ne ya hana shi sakat. Wannan ba ɗalibi ke cikawa ba. Malamin da ya koyar da shi kimiyya ne zai rubuta ra'ayinsa a asirce, ya rufe a ambulan, ya sa hannu a kan bakin, ya buga hatimi. An rubuta a ƙasa cewa idan ambulan ya nuna alamar taɓi, ba za a karɓa ba.

Malamin kimiyyar kuwa, Mai Guga ya san shi. Shekara biyu da suka wuce yana kawo masa kaya, har ranar da aka ga ɗigon ƙuna a wuyan wata farar riga. Mai Guga ya rantse da ƙunar aka kawo ta. Malamin bai ce uffan ba, ya naɗe rigarsa ya fita, bai sake dawowa ba. Wannan shirun shi ne ya tsaya wa Mai Guga a rai. Da zagi ya yi, in ji shi, da an wuce wurin. Wanda ya haɗiye magana kuwa ajiye ta ya yi, kuma ga shi yau an miƙa masa alƙalami da 'yar mutum.

Ranar Laraba da hantsi Auta ta karɓo ambulan, ta bar shi a shago tare da sauran takardu, ta tafi ɗaukar hoton da za a manna. Ina zaune a benci ina jiran riguna biyu. Ya ɗaga ambulan a hasken ƙofa, ya juya shi, ya auna shi a tafin hannu. Ya ce takarda ɗaya ce tak a ciki, kuma yabo ba ya ƙarewa a takarda ɗaya. Na ce masa sharri ma ai yakan fi haka tsawo. Bai yi dariya ba.

Mai aski ya leƙo ya ce a bar wa yarinya kayanta. Mai Guga ya ce shekara talatin yana ɓamɓare takardar kamfani daga jikin sabon yadi ba tare da ya bar tabo ba, ya san yadda gam ke sakin jiki idan ya ji tururi. Zai duba ne kawai, ya mayar, ya goge, ko malamin da kansa ba zai gane ba.

Ya jiƙa farin ƙyalle ya matse, ya shimfiɗa a kan bakin ambulan, ya ɗora dutsen guga a hankali, irin ɗorawar da yake yi wa siliki. Tururi ya tashi siriri. Da ya ɗaga ƙyallen, hatimin ya koma jikinsa, shuɗi, a juye. A kan ambulan kuwa sa hannun malamin ya bazu kamar sawun tsuntsu a laka. Gam bai ko motsa ba. Mutumin da bai taɓa goge yadi ba sai ya gwada ko yana zuba, bai tuna ya gwada tawada ba.

Gawayi na ƙara kaɗan-kaɗan a cikin dutsen. A haka Auta ta shigo da hotunanta a hannu. Ta dubi tebur, ta dubi ƙyallen.

"Ban buɗe ba," in ji shi.

"Na gani, Baba. Su ma za su gani."

Ya fara ba ta labarin farar rigar. Ta ce ta san labarin, gidan duka an san shi. Abin da bai sani ba, in ji ta, shi ne shekara biyu tana zama a gaban mutumin nan, bai taɓa ambaton riga ba, kuma ba ta san me ya rubuta ba, ba ta kuma nemi ta sani ba. Yanzu hanya ɗaya ce ta rage: malamin ya sake sabon ambulan da sabon hatimi yau, kafin a tashi daga makaranta ƙarfe biyu. Ta miƙa hannu za ta ɗauka.

Ya dafe ambulan. "Ke ba ki ɓata komai ba. Me za ki ce masa?"

"Zan ce ruwa ne ya zuba."

"Zai duba baya ya ga sawun dutse. Ni zan je." Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "In ya ga dama kuma ya canja abin da ya rubuta fa?"

"Dā ba shi da dalili, Baba. Yanzu ka ba shi."

Sai ya zazzage garwashin a kasko, ya wanke hannu, ya sauya riga, ya ɓalla maɓallai har wuya. Ya tambaye ta wace ƙofa ake bi zuwa ɗakin malamai, ta gaya masa, ya sa ta maimaita. Ya ce mini rigunana sai gobe. Ya riƙe ambulan a fili, gefen da ya ɓaci yana kallon waje, ya sunkuya ta ƙarƙashin igiyar kaya ya fita.