Fam Ɗaya Don Jakuna

Duk wanda ya girma a garinmu ya san Glenys Hardcastle, mai rumfar maɓallai da zare a tsohuwar kasuwa. A rumfar nan gashinta ya yi fari fat, kuma ban taɓa jin wanda ya cuce ta ko da maɓalli ɗaya ba. To ta ina ma? Mace ce da in ka miƙa mata takardar kuɗi sai ta ɗaga ta ta duba a haske, ko da faston cocinsu ne ya ba ta. In ka yaba rigarta, sai ta yi tsit tana jiran ta ji abin da za ka roƙa.

Ba daga sama halin ya faɗo mata ba. Tana yarinya, wani mai kwat da fara'a ya riƙa zagaya layinsu yana karɓar adashin Kirsimeti, uwarta na zubawa duk mako. Bikin na matsowa aka nemi mutumin sama ko ƙasa aka rasa. Shekarar nan da waken gwangwani suka yi Kirsimeti. Tun daga nan Glenys ta sa wa ranta cewa duk mai yawan murmushi akwai abin da yake nema a aljihunka. Kuɗin wuta a kantin bakin layi take biya, na ruwa a gidan waya, hannu da hannu. Ba kamfanin da ta taɓa yarje wa ya sa hannu a asusunta.

Mijinta Derek, direban bas, ya rasu da jimawa. Ɗansu tilo yana Ostareliya, sai dai waya jefi-jefi. Mutum ɗaya tal ya rage mata a duniya, wato Noreen, maƙwabciyarta ta ƙofa da ƙofa. Noreen ce ke kai ta cefane a motarta, ita ta yi jinyarta lokacin da aka yi mata aikin ƙugu, ita kaɗai ke shiga kicin ɗinta ta dafa shayi ba tare da an bi ta da ido ba. "Uwar zargi" take kiranta, Glenys kuma ta ce mata "sarkin rawar kai", su yi dariya su tsoma biskit a shayi. In ba Noreen, Glenys sai ta yi mako ba ta ji muryar mutum a falonta ba, kuma ta san da haka sarai.

Ana nan sai bankin da Glenys ke ajiya tun tana budurwa ya rufe reshensa na garinmu. Dole ta koma wani bankin da ya rage a bakin kasuwa. Shi kuwa wannan, har tukuici yake ba sabon shiga, amma da sharaɗi: sai mutum yana da wurare biyu da ya ba izini su riƙa cirar kuɗi da kansu daga asusunsa duk wata. Glenys na jin haka ta ce a kai kasuwa. Ita za ta buɗe wa baƙo jakarta ta ce ɗebi da kanka?

Noreen kuwa wannan harka sana'arta ce. Bankunan da ta yi wa shiga da fita don cin tukuici ba su lissafuwa. Ta yi mata bayani cewa banki bai damu da yawan kuɗin ba, shi dai ya ga ana cirewa. Mutane kawai sukan nemi ƙungiyoyin taimako biyu su ba kowace fam ɗaya a wata, magana ta ƙare. Ta zaɓo mata gidan kula da tsofaffin jakuna da ke bayan gari, da kuma asibitin masu jinyar ƙarshe inda Derek ya cika. Glenys ta yi ta jan magana, ta tambayi abin da ta tambaya ta sake tambaya, daga ƙarshe dai saboda Derek ta amince. Noreen ta zauna a teburin kicin da wayarta, Glenys na karanto mata lambobin asusu ciki-ciki kamar mai tona asirin gidansu.

Da wata ya kama, saƙo ya shigo tsohuwar wayar Glenys cewa an ciri fam ɗaya zuwa asibitin. To, wannan ta gane. Sai ga na biyu, shi ma fam ɗaya, amma babu jaki ko ɗaya a cikin sunan. Wasu baƙaƙe ne kawai a jere da sunan wani kamfani da ba ta taɓa ji ba.

Abin da ba ta sani ba, ƙananan ƙungiyoyi irin na jakunan nan ba su karɓar kuɗi da kansu, wani kamfani suke ɗauka ya tattara musu, sunansa ne ke fitowa. Abin da ta sani kuwa shi ne shirin da take kallo a talabijin da hantsi, inda aka ce ɓarayin zamani da fam ɗaya suke farawa don su gwada ƙofa, kuma sau da yawa mai cutar tsoho na jikinsa ne.

Na jikinsa. Kalmar nan ta maƙale mata kamar ƙashin kifi a wuya. Ta tuna Noreen ta sake labulen falonta kwanan baya. Ta tuna yadda ta karkatar da wayar gefe tana dannawa. Ta tuna ma ita ce ta matsa a yi abin tun farko. Da Noreen ta shigo shan shayi, Glenys ta tsare ta da ido tana zuba sukari, har Noreen ta tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya lau, ƙugun ne kawai.

Nan ne fa abin ya ba ni haushi. Tambaya ɗaya ce da ta kashe maganar. Amma mu mutanen nan, gara mu haɗiye wuta da mu dubi aboki ido da ido mu yi masa maganar kuɗi. A wurin Glenys, ta tambayi Noreen rashin ɗa'a ne. Ta je banki ta yi tambaya a asirce kuwa, wai wannan shi ne mutunci. Ta saka kwat ɗinta ta zuwa coci ta hau bas ita kaɗai.

Ma'aikaciyar bankin ta shigar da ita wani ƙaramin ɗaki, ta tambaye ta cikin ladabi ko ita ta ba wannan kamfani izini. Glenys ta ce ita dai ba ta san wannan suna ba, kuma gaskiyarta ke nan. Aka tambaye ta ko akwai wanda ya san lambobinta.

Glenys ta murza hannun jakarta.

"Ni ban ce ta yi wani abu ba fa," in ji ta. "Tambaya kuka yi. Noreen Tulk ce, maƙwabciyata."

Ma'aikaciyar ta ce ta yi daidai da ta zo, kada ta damu. Glenys ta ɗauka za a leƙa ne a gaya mata ita kaɗai. Ba ta san cewa da zarar tsohuwa ta ambaci suna a ɗakin nan, magana ta fita daga hannunta ba. Noreen ma a bankin take ajiya a lokacin. Aka dakatar da asusunta har a gama bincike. A babban kanti ta gano haka, kaya cike da amalanke, layi a bayanta, katin bankinta ya ƙi aiki. Da ta kira bankin, tambayoyin da suka yi mata sun ishe ta gane daga inda aka jefo ta.

Ba a jima ba banki ya kira Glenys da albishir: kuɗinta lafiya lau, fam ɗayan nan na jakuna ne. Ta ajiye wayar ta zauna a bakin matakala, kunya ta rufe ta tun daga ƙafa har ka. Ta tashi ta toya kek mai lemun tsami, ta lulluɓe shi da tawul, ta ƙwanƙwasa ƙofar Noreen.

Noreen ta buɗe, amma ba ta matsa daga bakin ƙofar ba. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Glenys ta fara kame-kame, tana cewa sunan ne ya ruɗe ta, ga kuma abin da ake faɗa a talabijin.

"Ni na wanke ki lokacin da ba ki iya tsayuwa, Glenys," in ji Noreen. "Kin hau bas da wannan ƙugun har bakin kasuwa don ki yi tambaya a kaina, ga ƙofata nan kusa da taki."

Noreen ta karɓi kek ɗin, ta ce an gode, bai kamata ta wahalar da kanta ba, irin godiyar da ake yi wa baƙo. Ta rufe ƙofa a hankali.

Washegari da safe Glenys na kicin ta ji wani abu ya faɗo ta kafar saka wasiƙu ta ƙofa, ya yi ƙara a kan tayil. Ta fito tana jan ƙafa. Mabuɗin gidanta ne, wanda ke hannun Noreen shekara da shekaru saboda ko ta kwana. Ta daɗe a tsaye tana kallonsa, don ƙugun ba ya barinta ta sunkuya, kuma babu wanda za ta kira ya ɗauko mata.