Kwalaben da Ba Ki Yarda Kowa Ya Wanke Ba

Da hantsin Talata, sha tara ga watan Agusta, ina tsaye gaban allo tare da 'yan aji ɗaya, sai ɗalibarki da muke kira Uwar Biyu ta leƙo ta taga ta yafito ni. Tun kafin ta yi magana na gane, domin ta fito daga ɗakin gwaji da safar hannu ba ta cire ba, laifin da ba ki taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kansa ba. Ta ce kin cika a asibiti. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma.

Yaya, ke kika karɓe ni ranar da na fara aiki a sashen nan, ina ɗan sabon malami mai ɗoki. Kika duba ni sama da ƙasa, kika ce in buɗe baki. Na ɗauka wasa ne. Kika leƙa, kika ce dasashina na ƙasa ya kumbura, in je a wanke mini haƙora kafin in tsaya gaban 'ya'yan mutane ina koya musu tsabtar baki. Haka kika yi wa maigadi, haka kika yi wa direban sashe, har da wani baƙon farfesa da ya zo ba da lacca. Duk wanda kika tura kuma sai kin bi sawunsa kin tabbatar ya je, don ba ki yarda da “na je” ta fatar baki ba.

Rayuwarki ta aiki a kan ƙwayar cuta guda ta ƙare, wadda ke zama a ɗan kwarmin da ke tsakanin haƙori da dasashi, inda iska ba ta kaiwa. Kowace shekara nakan kawo miki sababbin ɗalibai su cika ɗakinki, ki nuna musu tuluna biyu na gilashi da ke kan teburin tsakiya, kowanne da siririn tiyo yana ɗiga masa romo. Ƙwaya iri ɗaya ce a ciki, ɗumi ɗaya, romo ɗaya. Bambancin kawai, tulun dama kina zuba masa sinadarin nan da ke ba jini jan launinsa har ya wadata, na hagu kuwa kina ba shi ɗan abin da zai riƙe rai. Abin da ke kwantawa a gindin na dama baƙi ne wuluk, kuma in aka ɗiga shi a kan abin gwaji sai ya narkar da nama cikin hanzari. Na hagu fari-fari ne, sanyi-sanyi, kamar ba dangin juna ba. Sai ki ce musu haka abin yake a bakin mutum: dasashi na fara kumbura yana tsiyayar jini, an kai wa ƙwayar nan abinci har gida, ita kuma ta ƙara ƙarfi ta ci naman, jini ya ƙaru. Duk wanda ya kawo miki sakamako yana murna, tambayarki ɗaya ce: me ta ci? Har ɗalibai suka sa miki Mama Me-ta-ci, kina sane, kina yi kamar ba ki ji ba.

Mutane sun ce kin cika zargi, kuma gaskiya ne. Kina zargin ma'aunin zafi, kina zargin ruwan famfo, kina zargin mai kawo jinin tumaki. Abin da aka fi yi miki dariya a kai shi ne kwalaben da ake haɗa romon tulun hagu a cikinsu. Kin ɗaura musu shuɗin zare a wuya, kin ware musu kwano da ma'ajiyarsu daban, kina jiƙa su a ruwan asid ki wanke da hannunki. Ba ki taɓa zaunar da kowa kin faɗi dalili ba, wataƙila don kin ɗauka a fili yake. Mu kuma muka ɗauka halin tsufa ne.

Amma wannan mai zargin ita ce ta share ƙasan teburin ofishinta ta shimfiɗa wa tagwayen Uwar Biyu bargo, lokacin da ake cewa mai goyon biyu ta haƙura da digirin ƙarshe. Na sha shigowa in tarar da ke kina karanta babin ɗalibar da jan biro a hannu ɗaya, ɗaya hannun kina jijjiga jariri.

Da ciwo ya kwantar da ke, Uwar Biyu ta riƙe tulunan. Ba a daɗe ba tulun hagu ya fara duhu. Aka gwada, ya narkar da nama kamar ɗan'uwansa mai ƙoshi. Aka sake, haka dai. A taron sashe, Shugaban sashen ya gyara tabarau ya ce ba ya son magana a kan mara lafiya, amma abin lura ne a ce sakamako ba ya fitowa sai a hannun mutum ɗaya. Ya ƙara da cewa kundin Uwar Biyu zai dakata har a bincika, kuma in aikin ya rushe, ɗakin yana da masu buƙata. Ba wanda ya furta kalmar ƙarya, amma kowa ya ji ta. Aikin rayuwarki da digirin yarinyar nan suka rataya a kan launin abin da ke kwance a gindin kwalba.

Daga nan sashe ya lalace. In mutum ya shiga ɗakinki sai a bi shi da ido. Wasu suka ce mai kula da sito ya canza kamfanin romo a ɓoye. Wasu suka ce ɗalibar ce ta gaza. Mun so mu ɓoye miki, amma kin karanta a fuskokinmu. Duk wanda ya zo dubiya sai ya sha tambayoyi kamar a gaban alƙali, maigidanki yana gefe yana roƙon ki huta, kina ce masa ai hutu na nan zuwa.

Ina wurin ranar da kika kama bakin zaren. Uwar Biyu tana ba ki labarin yadda ɗakin ya yi fes, don ta faranta miki rai. Ta ce Shugaba ya sa an yi gagarumin gyara don ki dawo ki tarar da wuri tsaf, an kwashe kwalabe duka an kai babban wurin wanki, an kunce zaruruwan nan da suka yi dauɗa. Kika ɗago kai daga matashi.

“Tare da kwalaben jini aka wanke?”

“Tare, Mama. Amma da sabulu, har sau…”

“'Yar nan, sinadarin jinin nan manne wa gilashi yake yi. Sabulu ba ya fitar da shi duka. Wata da watanni kuna ciyar da mai yunwa a ɓoye.”

Ba ki yi faɗa ba. Kin ce laifinki ne da ba ki koyar da dalili ba, kika tsaya a kan hani. Sannan kika umarce ta ta samo sababbin kwalabe, ta jiƙa su a asid, ta tayar da tulun hagu daga farko.

A nan zuciyata ta kasa kwanciya, kuma ba zan ɓoye ba ko da a takardar ta'aziyya. Wanda ya ba da umarnin wankin nan ba baƙo ba ne a wannan ilimi. Ya taɓa koyar da darasin kiwon ƙwayoyin cuta. Mai yiwuwa ya manta, mai yiwuwa kyautatawa ya nufa, kuma na gan shi a wurin jana'izarki idonsa jawur. Amma na kuma ga wanda ya turo ya auna faɗin ɗakinki tun kina da rai. Da na kawo miki wannan magana a gadon asibiti, kika ce in bari. Kika ce kwalba ake zarga domin ita ake iya gwadawa, zuciyar mutum kuwa ba mu da na'urarta. Ina ƙoƙarin bin maganarki, Yaya, sai dai har yau ban iya ba.

Ƙwayar nan ba ta da gaggawa, ajali kuma bai jira ta ba. Kin tafi sabon tulun bai daidaita ba. Sai bayan an kai ki da kwanaki Uwar Biyu ta ɗebi samfuri a gaban malamai uku da ta roƙa su tsaya shaida, don ta ce ba za ta sake yin komai ita kaɗai ba. Ya fito fari-fari, ya kasa narkar da naman. Na dama yana nan baƙi da zafinsa. An kai wa Shugaba, ya duba ya daɗe, ya sa hannu kundin ya wuce. Maganar da ya yi a taro bai janye ta a taro ba tukuna. Muna jira.

Da yammacin ranar na tafi gidanki da hoton kwalaben biyu a waya. Na tarar da maigidanki a falo, 'yar autarki tana zaune a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ban san maganar sashe ta iso gidan ba, ashe wata ƙawarta ta faɗa mata a makaranta. Na nuna musu, na yi bayani iya iyawata. Yarinyar ta karɓi wayar ta ƙura wa hoton ido, sannan ta ce, “Kawu, ke nan Mama ba ta yi ƙarya ba?” Na ce ba ta yi ba. Ta kifa kai a gwiwar babanta ta fashe da kuka, shi ne kukan da aka ce ta kasa yi tun ranar rasuwar.

Ya Ubangiji, Ka jiƙan baiwarKa, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata makwancinta, Ka sa ilimin da ta bari ya ci gaba da kai mata lada. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanta da 'ya'yanta, da ƙannenta, da Uwar Biyu da sauran ɗalibanta da suka yi rashin uwa. Allah Ya ba ku juriyar wannan rashi. Mu kuma da muka rage a sashen, Allah Ya wanke zukatanmu daga zargin wanda bai yi laifi ba, Ya kuma isar mata a kan wanda ya yi, in akwai shi. Amin.