Kek Ɗin Safiya da Fatar Kakata

A Gyadi-Gyadi na tashi, a hannun kakata, Iya. Tuwo take sayarwa. In an yi sallar magariba ta sauke tukunyar ƙarshe, sai mu yaran gida mu kewaye murhu, ita tana kankare ƙanzo tana ba mu tatsuniya. Ba ta da daɗin baki. In ka yi tari a tsakiyar labari, muciya ce za ta sauka a gwiwarka.

"Ga ta nan tafe, wanda ya yi gyangyaɗi ya kwana da yunwarsa," haka take buɗewa.

Akwai guda da ta fi maimaitawa. Wai an yi fari a wani gari, ya da ƙanwa suka fita neman abinci, suka tarar da wata tsohuwa tana gasa fatu biyu a kan garwashi. Tsohuwar ta ce duk wadda ta naɗe fatarta ta kai gida, kullum za ta buɗe ta sami hatsi a ciki. Babbar ta zauna tana jira fatar ta huce. Da ta huce sai ta sandare, tana lanƙwasa ta ta dare gida biyu. Ƙaramar kuwa ta naɗe tata da zafinta, tafukanta suka saɓule, amma gidansu ya ci.

"Iya, hannun nata ya warke?" na taɓa tambaya.

"Ina ruwanki da hannunta? An ci ko ba a ci ba?"

Haka na ɗauki duniya. Mijina ya rasu, na dasa kaskon ƙosai a bakin titin asibiti, na ciyar da 'ya'yana da shi. Ga tabon mai nan har gwiwar hannu. Ban taɓa kai wa kowa ƙorafi ba.

Kwanan baya jikata Safiya, da ke zaune wurina a Tarauni, ta karɓo aikinta na farko na yin kek. Wata nas a Darmanawa ce ke son kek na cakulan, irin wanda ake naɗewa kamar tabarma. Ta ce mata in ya yi kyau za ta haɗa ta da abokan aikinta. Ba mu da obin na gasa kek. Safiya ta zuba yashi a babbar tukunyata, ta ɗora kan gawayi, ta kaɗa ƙwai da sukari har hannunta ya sage, ta zuba fulawa da garin cakulan, ta shimfiɗa ƙullun a tire, ta saka a tukunya ta rufe.

Na duba wutar, na ga ko ruwan shayi ba za ta tafasa ba. Tana shiga ɗaki na ƙara gawayi na fifita.

"Inna! Wa ya taɓa min wuta?"

"Ni. Wannan ai wasan yara ne."

"Ba ƙosai ba ne, tsohuwa! Ji ƙauri!"

Ƙasan ya zama baƙi ƙirin. Sauran kayan haɗin na zubi ɗaya ne kacal, ga nas ɗin tana ta kira a waya. Safiya ta ajiye min kujera can bakin zaure, ta ce in na matso za ta haɗa ni da limamin unguwa. A gidana!

Na biyu ya gasu. Ta ce dole a naɗe shi da zafi, in ya huce karyewa zai yi. Na tuna fatar tatsuniyar Iya. Na miƙe ina naɗe hannun riga.

"Kawo. Hannuna ya riga ya mutu, naki na amfani ne."

Ta kalle ni kamar na zautu. Ta shimfiɗa tawul mai tsabta, ta barbaɗa sukari, ta kife kek ɗin a kai, ta naɗe shi tare da tawul ɗin. Ko yatsa ba ta ƙona ba. Da ya huce ta warware, ta shafe cikinsa da cakulan, ta sake naɗewa. Nas ta zo ta gani, ta ce a yi mata wani ranar Juma'a.

Na koma kujerata ina duban hannuwana. Iya ta yi gaskiya, akwai abin da ba ya jira. Amma Allah ya jiƙanta, shekara da shekaru tana ba mu labarin nan, zani a ƙugunta, ɗankwali a kanta, ba ta taɓa cewa yarinyar ta kwance ɗankwali ta riƙe fatar da shi ba. Ni ma ban tambaya ba.